Ɗan Dako Na Bakwai

Kakana, Fok Yiu-tong, ya ɗauko rigarsa ta zuwa biki,
ya ce in raka shi silima, bayan kasuwar kifi ta Makau,
wai an dawo da tsohon fim ɗin da ya fito a ciki.
Shekara arba'in yana ba mu labarinsa.
Mu takwas ne a zauren,
har da mai sharar da ke jiran mu tashi.

Aka kashe fitilu, teku ta cika allo.
Ga Turawa biyu, attajirai, kowa da jiragensa:
Penhallow mai jan gemu, Drysdale mai sandar azurfa.
Wannan ya sayi ganyen shayi, wancan ya saye mai awon.
Wannan ya gina rumbu a bakin Kogin Lu'ulu'u,
wancan ya sa aka cinna masa wuta daren bikin fitilu.
Zakaru biyu a akurkin da ba nasu ba,
suna faɗa kan tsabar da wani ya sussuka.

Akwai mace, ai ba a rasa ba,
tana kuka a kan bene, goge na taya ta.
Akwai ɗan da ba a san ubansa ba sai daf da ƙarshe,
akwai guguwa, akwai wasiƙar da ta iso a makare.
Kaka ko gezau.
Gyaɗar da na saya masa tana hannunsa a ƙulle.

Can sai ya damƙi hannuna: "Ga mu nan."
Layin 'yan dako a kan katakon jirgi,
ba riga, kai a sunkuye.
"Ƙirga. Ɗaya, biyu... na bakwai."
Bayan wani saurayi na gani, gumi na bin tsakiyarsa,
numfashi uku,
sai hular Penhallow ta rufe shi.
Shi ke nan.

"Kwana sha ɗaya muka yi," in ji shi,
"kullum shinkafa da rabin ƙwan agwagwa mai gishiri.
Akwatin ba komai a ciki. Iska.
Darakta na ihu ta bakin tafinta:
ku nuna da nauyi!
Sauran suka yi ta nishi kamar masu naƙuda.
Ni ban yi ba.
Tafiyar kakana na tuna,
yadda kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama son ƙasa,
kamar ta nasa kakan, wanda ya ɗauki na gaske.
In za a hau jirgi, shayi,
in za a sauko, baƙin ƙullun ofiyom,
wanda ake zuƙa a kwance har mutum ya sayar da ƙyauren ɗakinsa.
Shekara tara ya ɗauke shi a kafaɗa,
daga baya ya ɗauke shi a ƙirji.
To, karkata kafaɗa kawai na yi, na bi layi."

A allo Drysdale na mutuwa a hankali,
minti shida yana yafe wa kowa.
Matar da ke gabanmu ta fyace hanci.
Ni ma, kar in yi ƙarya, idona ya kawo ruwa;
goge ya san inda yake taɓawa.

Sunaye suka fara hawa.
Kaka ya hana ni tashi, mai shara ta jingina da tsintsiya.
Mai gyaran gashi, mai kula da dawaki,
har karen Penhallow, wai shi Kyaftin.
Muka zauna har allo ya yi fari fat.

A waje ana yayyafi, titi na ƙarnin jatan lande.
Ya ce, "Kin ga yadda na ɗauke shi?"
Na ce na gani.
Ya ce, "Ina! Hula ta tare.
Gobe ma suna nunawa, ƙarfe biyu."
Ya miƙo min gyaɗar,
ya wuce gaba, kafaɗar hagu a ƙasa,
ba komai a kanta.